Izinin Tafiyar Ihsan Yana Hannuna

Shekarata talatin da huɗu a gidanmu na unguwar Bolori a Maiduguri, ba a taɓa neman shawarata ko a kan launin labule ba. Mahaifina Alhaji Abdulmutallib dillalin shanu ne, irin mutumin da in ya ce cikin saniya wata bakwai ne, ita kanta saniyar ba ta musu. Ni kuwa Abakar, aikina a kasuwa riƙe igiya da cewa "haka ne, Baba." Na yi boko har na kusa gama difloma, don haka nake ɗaukar kaina lauyan gida, duk da ba wanda ya taɓa kawo mini ƙara.

Ana nan sai gwiwar mahaifiyata Hajja Kellu ta ƙi daɗi, har salla ta koma yi a zaune. Likitoci suka ce sai aiki. Aka samu asibiti a Alƙahira, aka ba da rana, aka ce in ranar ta wuce sai bayan wata huɗu. Hajja ta ce ta ji, amma ba inda za ta sai da Ihsan.

Ihsan shekararta tara, kuma ita ce 'yata ta fari, kodayake a lokacin ko da wuƙa a wuya ba zan faɗi haka ba. Tun da aka yaye ta Hajja ta ɗauke ta, a gadonta take kwana, ita ke miƙa mata buta da carbi. Ni da matata Zainaba ba ma ko kama sunanta, sai dai mu ce "yarinyar Hajja." Haka muka tarar ana yi da ɗan fari, kuma ni na fi kowa iyawa. In ta shigo ɗaki, sai in tuna ina da uzuri a waje.

Ranar wata Asabar Baba ya dawo daga kamfanin da ke shirya musu tafiyar da takarda a hannu, jerin abubuwan da ofishin jakadanci ke buƙata. Da Turanci take, sai ya miƙo mini. Na gyara murya na fara karantawa ina fassarawa. Fasfo, hoto, takardar asibiti. Da na zo na bakwai sai na ji kaina ya yi wani irin girma. An rubuta cewa duk yaron da zai fita ƙasar waje ba tare da iyayensa ba, sai ya zo da takardar izini mai sa hannunsu.

"Sake karantawa," in ji Baba.

Na sake, a hankali, ina jin daɗin kowace kalma.

"Wato ni da na haife ka, na yanka maka rago, ni zan nemi izininka in fita da jikata?"

"Ba ni na ce ba, Baba. Dokar ƙasa da ƙasa ce."

"Shekara arba'in ina ɗauke maraƙi daga gaban uwarsa, ban taɓa cewa ta sa mini hannu ba."

"Ai saniya ba ta zuwa Misra, Baba."

Ya dube ni, duban da ya saba yi wa sa mai tari. Da can da na sunkuyar da kai. Ranar kuwa na naɗe takardar na sa a aljihu, na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, harkar takardu harkata ce.

Kafin la'asar labari ya isa majalisarmu, don ni na kai shi da kaina. Muna zama ne a ƙofar shagon Uche, mai buga takardu da ɗaukar hoto. A Maiduguri aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, Kanurinsa ya fi na Hajja gudu. Kusa da shi Abdulwahab tela ne, wanda Allah ya hore wa baki fiye da allura.

"Jama'a," na ce, "yau jirgin sama ba ya tashi sai na sa hannu."

"Wane jirgi?" in ji Abdulwahab. "Kai da ko keke ba ya tsayawa in ka ɗaga hannu."

Na karanta musu na bakwai ɗin har sau biyu. Uche ya ce abu ne mai sauƙi, layi huɗu ake rubutawa, yana da irinta a kwamfuta, suna kawai za a canza. Na ce layi huɗu na talakawa ne.

"Oga Abakar, tambaya ɗaya," in ji Uche. "Yarinyar tana da fasfo tun bara waccan, ni na ɗauke ta hoto. Wa ya sa hannu lokacin?"

"Lokacin ba a tsaurara doka ba."

"Ka tabbata?"

"Uche, kai bugawa ka iya. Doka ka bar wa masu ita."

Na zauna a bencinsa na yi ta shifta har shafi uku, sunan yarinyar kaɗai na rubuta masa a takarda maimakon in faɗa. Na fara da tarihin zuriyarmu tun muna kiwo a bakin tafki. Sannan na jero sharuɗɗa. Yarinya ba za ta kusanci kogin Nilu ba. Ba za ta hau raƙumi ba. Alhaji Abdulmutallib zai riƙa kiran waya kowace la'asar ya ba da rahoton halin da ake ciki. Da muka zo nan Uche ya ɗauke hannunsa daga kwamfuta.

"Wannan layin da sunanka zai fita, ba da sunan shagona ba."

"Buga."

Matsala ta farko da na ci karo da ita, ba ni da sa hannu. Wanda nake yi a banki harafi ɗaya ne da ɗan layi a ƙasa, abin da bai dace da mutumin da ƙasashe biyu ke jira ba. Na sayi littafi mai shafi sittin na duƙufa. Kwana uku ina yi, ba a samu biyu da suka yi kama ba. Daga ƙarshe na tsaya a kan wani mai ƙaho biyu da wutsiya, wanda in na zo wutsiyar sai biro ya huda takarda. Sau uku Uche yana sake buga shafin ƙarshe.

Sai na ga sa hannu kaɗai bai isa ba, na je na sa aka sassaƙa mini hatimi mai jan tawada. Na gwada shi a kan kalanda, na gwada a bangon zaure, na gwada a kan wani farin ƙyalle da na gani a kan gado. Ƙyallen nan ashe sabuwar laffayar Zainaba ce, ta biki. Har yau in ta yafa ta, sunana na nan a kafaɗarta ta hagu, a juye.

Baba kuwa ya daina yi mini magana kai tsaye. Muna zaune a tabarma ɗaya, sai ya juya wajen Hajja.

"Tambayi Mai Izini, ko an yarda in sha shayi."

"Hajja, gaya wa Baba sharuɗɗan ba su shafi shayi ba."

Hajja ta ce mu biyun duka Allah ya shirye mu, ita dai gwiwarta take ji. Sunan ya bi ni har kasuwa. Masu kora shanu da masu awo kowa "Mai Izini, wushe," wato sannu da Kanuri, ni kuma in ɗaga hannu kamar mai sarauta. Ba'a suke yi, na sani, amma ba'ar da ke da take ta fi shirun da na saba.

Ranar Laraba Uche ya nuna mini cewa takardar ta ce iyaye, ba uba kaɗai ba, sai Zainaba ma ta sa hannu. Raina ya ɓaci, don ban yi shirin raba mulki da kowa ba. Na kai mata takardar ɗaki. Ta ga sunan yarinyar a rubuce ɓaro-ɓaro kusa da nata, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ni in sa hannu a ƙarƙashin wannan? Hajja ta gani?"

"Doka ba ta san kunya ba."

"Kai ne dai ka daina saninta." Ta dangwala yatsa a tawadar hatimina ta manna, idonta a rufe. "Ka duba takardar haihuwarta kuwa? Tana cikin akwatin Hajja. Ka duba kafin gobe."

"Wanda ya haifi ɗa ba ya buƙatar takarda ta gaya masa."

"To," in ji ta. Na tsani wannan "to" ɗin nata.

Alhamis ce ranar kai takardu. Ƙarfe biyu ma'aikacin kamfanin zai tashi da jakar fasfo zuwa Abuja. In jakar ta tafi ba namu, biza ba za ta fito kafin ranar asibiti ba. Na san haka sarai. Amma na ga bai kamata rana irin wannan ta wuce ba shaidu, don haka na ɗauki hayar keke mai ƙafa uku har guda uku na kwashi majalisa gaba ɗaya. Na sa farar babbar riga da hula zanna, hatimi a aljihun ƙirji. Kafin mu isa rana ta yi aikinta, tawada ta tsiyaye, jan tabo ya bazu a ƙirjina.

"Wa ya harbe ka?" in ji Abdulwahab.

"Alamar ofis ce," na ce, na ja hannun riga na rufe.

Ofishin ɗaki ɗaya ne da benci biyu, cike da masu tafiya. Ma'aikaciyar da ke karɓar takardu sunanta Naomi, mace mai gilashi da ba ta ɓata magana. Baba ya zauna a gabanta, Hajja a gefe da sandarta, Ihsan na riƙe da jakar Hajja, Zainaba ta maƙale a bayan ƙofa. Ni na tsaya a tsakiya, mutanena a bayana, Uche ya ɗaga waya yana ɗauka kamar yadda na umarta.

Naomi ta karɓi ambulan daga hannun Hajja. Ta duba fasfo uku, ta duba takardar asibiti, ta buɗe takardar haihuwa ta bi ta da yatsa. Ta haɗa su ta sa roba.

"Komai ya cika, Alhaji. Allah ya ba Hajja lafiya."

Baba ya fara neman takalminsa. Na ji kamar an zare mini tabarma ina tsaye.

"Malama, ba ki duba da kyau ba. Saura na bakwai."

"Na bakwai na yaron da zai tafi ba iyayensa ne. Wannan da uwarta da ubanta za ta tafi."

"Ina uban?"

Ta nuna Baba da biro. "Ga shi a rubuce. Uba, Abdulmutallib. Uwa, Kellu."

A nan ne abin ya dawo mini. Shekara tara da suka wuce ni na je yin rajistar, Baba na tsaye a kaina. Da magatakarda ya ce "sunan uba," na kasa buɗe baki a gaban mahaifina, na sunkuyar da kai na ce, "Ta Baba ce." Ya ce uwa fa, na ce, "Ta Hajja ce." Mutumin ya rubuta abin da ya ji. Na yi wata guda ina ba da labarin a majalisa, dattawa na sa mini albarka, wai irin kunyata ta ƙare a zamanin nan.

Mai hankali a nan zai yi shiru, ya bar mahaifiyarsa ta tafi a gyara mata gwiwa. Na waiga. Mutum goma sha ɗaya na kallona, ga wayar Uche a sama, ga kuɗin keke uku na biya. Na zaro shafi ukun nan na shimfiɗa a teburinta, na fito da hatimi na buga a gabanta, tawada ta fantsama har kan gilashinta.

Ta goge gilashin, ta karanta layin farko a fili. "Ni Abakar Abdulmutallib, mahaifin Ihsan." Ta ɗago. "Kai ne mahaifinta?"

Na buɗe baki. Baba ya juyo ya zuba mini ido. Hajja ma haka. Abin da na rubuta da babban baƙi, na buga wa hatimi, na yi shela da shi a kasuwa, sai ga shi na kasa faɗinsa a gabansu.

"Wato... yarinyar Hajja ce."

"Ban tambaye ka ta wa ce ba. Kai ka haife ta?"

"A gidanmu aka haife ta."

Naomi ta juya wajen Ihsan, ta sassauta murya. "'Yan mata, wane ne wannan?"

"Yaya Abakar ne."

"Waccan ta bayan ƙofa fa?"

"Anti Zainaba."

Abdulwahab ne ya fara, sannan benci biyun suka ɗauka. Wata tsohuwa mai jiran takardar Umra ta yi dariya har ta nemi ruwa. Wani ya ce wannan ne karon farko da ya ga wa ya ba uba izinin tafiya da ƙanwa.

Naomi ba ta yi dariya ba. Ta cire robar daga takardun. "Na san al'adar, Alhaji, mu ma a garinmu ana yi. Amma yanzu takarda biyu ne a gabana, kowacce da uban da ta ambata. Ba zan tura yarinya ƙasar waje a haka ba."

"To in janye tawa," na ce da sauri. "Ki ɗauka ba ki gani ba."

"Na gani. Mutum ashirin sun ji na karanta, ga wancan yana ɗauka a waya."

Uche ya sauke wayar a hankali.

Ta ce hanya ɗaya ce. Mu je kotu yanzu, uban gaskiya ya yi rantsuwa cewa shi ne uba, kaka ya yi rantsuwa cewa shi kaka ne, a haɗa da takardar izini. Ta ɗaga shafi ukun nawa da yatsa biyu. "Ba wannan ba. Mai layi huɗu."

Ƙarfe ɗaya saura kwata. Muka kwasa zuwa kotu, majalisa na biye, don yanzu ko na kore su ba za su tafi ba. Magatakardan rantsuwa dattijo ne mai nauyin kunne. Ya tambaya ko ina da alwala, ya miƙo Alƙur'ani, ya ce in faɗi dangantakata da yarinyar.

Na faɗa, yadda ni kaina ban ji ba.

"Ɗaga murya."

Na ƙara kaɗan. Baba ya ɗaga kai yana nazarin fankar silin.

"Malam, rantsuwa ake yi, ba gulma ba."

Na rufe ido na ce, "Ihsan 'yata ce. Ni na haife ta." Har masu sayar da ruwa a waje sun ji. Gumi ya haɗu da jan tawada ya gangaro mini har ciki. Shekara tara ban taɓa haɗa sunanta da bakina ba, sai ga shi na yi a gaban mahaifina da rabin Bolori.

Aka zo kan Baba. Ya ɗora hannu ya ce, "Jikata ce. Wannan na tsaye shi na haifa, kuma tunda rantsuwa nake, ban san yadda aka yi ya zama haka ba." Magatakarda ya ce kashin farko kawai zai rubuta.

Muka dawo ofis biyu da minti ashirin. Jaka ta tafi. Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Hajja ta zauna a benci tana shafa gwiwarta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Wata huɗu na salla a zaune na jawo mata saboda mutum goma sha ɗaya su ga na buga hatimi. Na ji kunyar da ba irin wadda ake sa wa albarka ba.

Naomi ta duba agogo. Ta ce in wani zai kai takardun da hannunsa ofishinsu na Abuja kafin goma na safiyar Juma'a, za a haɗa su da sauran. Jirgi ya tashi, sai dai mota, kuma motar ƙarshe na gab da fita kafin sojoji su rufe hanyar Damaturu da yamma.

Baba ya juyo, ya yi mini magana kai tsaye karon farko cikin kwana biyar. "Kai za ka kai. Na ba ka izini."

Takardun sun isa, biza ta fito, Hajja yau da ƙafarta take zuwa gidan biki. Amma kafin duk wannan, a tasha, an cusa ni kujerar baya tsakanin buhun busasshen kifi da wata mata mai kwando, ambulan a cikin rigata. Baba ya tsaya nesa yana magana da direba. Sai ga Ihsan ta zo jikin taga ta miƙo mini ƙullin dabino, ta ce in ji Hajja.

Na karɓa ina kallon wani wajen, yadda na saba.

"Yaya," ta ce, "ka sha wahala a kotu."

"Harkar doka ce, ba za ki gane ba."

"Ai na san kai ka haife ni tun ina aji ɗaya. Hajja ta gaya mini. Ta ce kar in nuna maka na sani, wai kai ma ba ka gama girma ba."

Ta juya da gudu ta koma wajen Baba. Mota ta tashi. Na bi ta da kallo har muka fita daga tasha, kuma wannan ne karon farko da na kalle ta sosai. Tafiyarta irin tawa ce, har da jefa ƙafar hagu.

Matar mai kwando ta ce, "Ƙanwarka ce? Tana da wayo."

Na leƙa ta taga na tabbatar Baba ya yi nisa. "'Yata ce," na ce. "Ta fari. Sunanta Ihsan."

Ta ce Allah ya raya. Na ce ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu, abin da ban tabbatar ba. Na gaya wa na gabana, na gaya wa na gefensa, na taɓa kafaɗar wani da ke gyangyaɗi na gaya masa. Kafin mu kai Damaturu matar ta nemi a canza mata kujera, direba kuma ya ce in na sake faɗa sau ɗaya zai sauke ni a shingen sojoji in gaya musu.